Motar lantarki a Kano: a ina za ta kwana, wa zai ba ta wuta?

Malam Edita, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarku in tofa albarkacin bakina kan maganar nan ta motoci masu amfani da lantarki. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake dubu, to tun daga nan maganar ta ƙi barin bakin mutane, a majalisa ana yi, a teburin mai shayi ana yi, a Facebook kuwa ba a cewa komai. Wasu dariya suke yi su ce ƙasar da ta kasa juya fanka ita ce za ta tuƙa mota da wuta, wasu kuma su ce ai ga rana nan Allah ya ba mu har ta yi mana yawa, sola kawai za a kafa shikenan an rabu da gidan mai.

Ni dai abin da na lura shi ne kowannensu labarin unguwarsu yake bayarwa bai sani ba. Wanda yake zaune a Nassarawa GRA ko Bompai ko sababbin rukunin gidajen nan na Kwankwasiyya da Amana, da wanda yake zaune a lungun Yakasai ko Mandawari ko Fagge, in aka zo wannan magana ba Kano ɗaya suke ciki ba. Kuma ba kuɗin sayen motar ne kaɗai ya raba su ba, don a cikin birni akwai attajiran da za su sayi guda uku ba su ji a jikinsu ba. Wajen kwanan motar shi ne magana. Motar mai duk inda ta kwana da safe za ta je gidan mai ta sha cikin minti biyar, ita kuwa ta lantarki duk arharta da daɗinta sun dogara ne ga a ce tana cin wuta a hankali lokacin da take ajiye, kai kana barci ko kana shago.

Bari in fara da cikin gari, don a nan nake zaune kuma a nan nake neman abinci. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Ƙofar Mata zuwa Kantin Kwari, ko Bata, ko 'Yankura bayan la'asar ya san abin da hancinsa yake shaƙa, ga hayaƙin adaidaita sahu ga na kurkura ga na tsofaffin bas-bas ga na injinan shaguna, lokacin hunturu kuma ƙura ta zo ta danne shi ya ƙi tashi sama, ka koma gida farar rigarka ta canza kala, makogwaro kamar ka haɗiyi barkono. Injin mai ko motar tana tsaye cak yana ƙona mai ne, ita kuwa ta lantarki in ta tsaya kusan ba ta cin komai sai abin da AC ya ja, sannan duk lokacin da ka taka birki tana mayar da wani abu cikin batir. Shi ya sa ta fi tsimi a cikin gari fiye da kan babban titi, akasin motar mai. Ga shi zirga-zirgarmu gajera ce, daga gida zuwa kasuwa, a kai yara makaranta, a je gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure, da wuya mutum ya yi kilomita 40 a yini. Batirin matsakaiciyar motar lantarki yana ɗaukar yunit 50 zuwa 60, irin yunit ɗin nan dai da muke saya a mita, kuma yana kai ta wajen kilomita 300, kenan ɗan birni caji ɗaya zai iya kai shi sati. A takarda babu wanda motar nan ta dace da shi kamar mu.

To amma fa an gina cikin birni tun ba a san za a yi wani abu wai shi mota ba. Akwai lungunan da ko kayan amarya sai an sauke a bakin titi yara su ɗauka a ka, in an yi rasuwa a kafaɗa ake fito da makara har inda motar take. Gidajenmu soro ne a gaba ba get ba. Motocinmu a ina suke kwana? Wasu a bakin titi, wasu a filin makarantar firamare, wasu a gidan mai bayan an tashi, wasu a harabar masallaci, kana biyan maigadi duk wata yana duba maka, da asuba ka tako da ƙafa ka je ka ɗauka. Tawa tsohuwar Corolla haka take kwana shekara da shekaru. Yanzu don Allah Malam Edita ta yaya zan jawo waya daga ɗakina, ta bi ta soro, ta tsallake kwata, ta wuce ƙofar gidaje goma ta isa inda motar take? Ga yara, ga awaki, ga ruwan damina da yake cika lungu, ga masu yankar waya da ko ta kan turke ba su bari ba balle wadda aka shimfiɗa musu a ƙasa. 'Yan haya a Sabon Gari da Fagge da Brigade nasu ya fi haka ma, gida ɗaya mai bene iyali takwas mita ɗaya, a kan dutsen guga da hita ana tashin hankali duk ƙarshen wata, ka zo ka ce za ka jona mota, ai ranar sai mai unguwa ya shiga tsakani.

Wannan matsalar ba mu kaɗai ke da ita ba, har waɗanda wutarsu ba ta ƙiftawa suna fama da ita. A Amurka ma'aikatar makamashinsu ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na caji a gida ake yinsa, shi ya sa masu gida da gareji a unguwannin bayan gari suka riga mazauna benaye na tsakiyar birni karɓar motar. A Landan gidaje da yawa ba su da wajen ajiye mota sai bakin titi, sai da ƙananan hukumominsu suka koma maƙala soket a jikin turakun fitilun kan hanya. Mu namu fitilun titin a bar maganarsu kawai. Ana yawan kawo mana misalin Norway, inda a 2024 kusan 89 cikin kowace mota 100 sabuwa da aka sayar ta lantarki ce zalla, amma ba a faɗin cewa gwamnatinsu ta yi shekaru tana yafe wa motocin haraji da kuɗin bin hanya, wutarsu kusan duk daga madatsun ruwa take, kuma mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su kai miliyan 6 ba, alhali ƙidayar 2006 ma ta ba jihar Kano sama da miliyan 9. Wanda ya fi kama da namu shi ne na Sin, don su a birane masu cunkoso abin ya fi karɓuwa, kuma ba su jira kowa ya yi gareji ba. Gwamnati ce ta cika gari da wuraren caji na kowa da kowa, ta fara da motocin haya, birnin Shenzhen kafin ƙarshen 2017 ya mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 na lantarki, a Shanghai kuma lambar motar mai gwanjonta ake yi da tsada, ta lantarki a ba ka kyauta. Wato inda duk birni mai cunkoso ya ci gaba a harkar nan, hukuma ce ta sa hannu, in aka bar kowa da iyawarsa masu get ne za su tafi su bar sauran.

Sai dai shi ma bayan garin namu iri biyu ne, kuma masu kwafo mana labarin Turai ba sa bambancewa. Kano ta faɗaɗa ta cinye wani yanki na Kumbotso da Ungogo, tana taɓa Gezawa da Dawakin Kudu da Tofa. A ciki akwai masu fili wadatacce, katanga, get, rufin kwano mai faɗi, rijiyar burtsatse, da yawansu ma sun riga sun kafa sola da inbata sun manta da ana kawo wuta ko ba a kawowa. Irin waɗannan su suka fi kowa tafiya mai nisa kullum, daga wajen Danbare ko Mariri ko hanyar Zariya zuwa cikin gari a dawo, kenan su suka fi kowa ƙona mai, su kuma za su fi kowa cin ribar canzawa. Ba na musu hassada, Allah ya ƙara buɗi, duk wanda yake da hali ya saya, ko ba komai hayaƙin mota ɗaya ya ragu a Kwari. Amma a maƙotansu akwai unguwannin awon igiya, inda tsadar haya ta koro mutane daga birni, babu turke babu taransifoma sai wanda jama'a suka yi karo-karo suka saya, titi in damina ta sauka ko ɗan sahu sai ka roƙe shi. Mutumin can ba shi da mota ma balle a yi maganar wace iri, adaidaita biyu yake hawa kafin ya iso kasuwa, kuɗin mota ya cinye masa kusan rabin abin da ya samo. Shi ma bayan gari yake, kuma shi tsadar man ta fi yi wa illa.

Ga ɗan lissafi, kowa zai iya yi a wayarsa. Motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 a kilomita 100, mu ɗauki 18. A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, daga baya ya sauko wajen 209, to ko a wannan farashin da kowa yake kuka da shi kilomita 100 bai kai naira 4,000 ba. Tsohuwar mota irin tawa a cunkoson gari tana shan wajen lita 10 a wannan nisan, in ka sa lita a naira 900 kawai ka ga 9,000 kenan, ban da bakin mai da fulogi da sauran tarkacen sabis da ita waccan ba ta san da su ba. Riba a fili take. Amma Band A an yi musu alkawarin awa 20 ne a yini, B 16, C 12, D 8, E kuma awa 4, kuma mun san yawancin unguwannin talakawa ba a saman jerin suke ba. Wani abin mamaki, ko awa huɗun nan in da za ta zo da ƙarfinta kuma a san lokacin zuwanta za ta iya isa, don soket na gida yana ba da yunit 2 zuwa 3 a awa, awa huɗu ka samu wajen yunit 10, tafiyar kilomita 50 kenan. Matsalar ita ce a kawo ta ƙarfe sha ɗaya na safe kana kasuwa, ko a kawo ta da daddare ba ƙarfi, ƙwan fitila yana ja kamar garwashi, caja ta ƙi ɗauka. Wanda kuma ya ce zai tada inji ya yi caji, to ya sani ƙaramin janareta da ƙyar yake ba da yunit 2 a lita ɗaya, kafin ya tara yunit 18 ya ƙona wajen lita 10, wato man da yake gudu shi ya saya, sai dai ya ƙara wa maƙota ƙara da hayaƙi.

Akwai kuma maganar taransifoma da ban ji ana yi ba. Cajar bango ta gida, wadda take cika mota a dare ɗaya, tana jan kilowat 7, kusan daidai da a kunna AC shida lokaci guda ta kwana tana aiki. Taransifomar unguwa yawanci mai ƙarfin kVA 300 ce ko 500, kuma tuni an ɗora mata gidajen da suka fi ƙarfinta, lokacin zafi kowa ya san yadda fis yake tashi, samari suna hawa suna canza layi, in ta ƙone kuma a bi gida-gida da littafi ana karɓar kuɗin gyara a yi wata biyu a duhu. A irin wannan unguwar in mutum biyar suka jona mota ta buga, wa kake ganin za a nuna da yatsa? Kuma ba za ka ga laifin jama'a ba, tsohuwa mai sayar da ƙanƙara ba za ta yarda ta biya kuɗin gyaran abin da motar Alhaji ta ƙona ba. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000, KEDCO mai raba mana wuta kuma abin da ya zo hannunta Kano da Katsina da Jigawa take raba wa. Sannan ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna yake lalace, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, Arewa ta yi sama da mako guda a duhu, masu ƙanƙara da masu walda da teloli suka zauna. Da a ce motocin garin nan duk da wutar gwamnati suka dogara da ranar ko asibiti sai a ƙafa.

Sola ita ce mafita, wannan ba musu, amma ita ma a duba ta da kyau. Mai tafiyar kilomita 40 a yini yunit 7 yake bukata, fanel mai wat 500 a ranar Kano yana ba da yunit 2 ko sama da haka kaɗan, fanel huɗu sun ishe shi in yana goge musu ƙurar hunturu. Sai dai rana tsaka take bayarwa, lokacin motar tana kasuwa ko ofis. In ka ce sai dare za ka yi caji to sai ka sayi wani batirin a gida ka tara wutar sannan ka juye wa motar, ka sayi batir sau biyu kenan, kuma duk wanda ya haɗa sola ya san batir shi ne mai cin kuɗin. Shi ya sa nake ganin a Kano kamata ya yi cajar ta bi motar inda take yini. Wajen fakin na Kantin Kwari, Singa, Sabon Gari, Dawanau, sakatariyar Audu Bako, jami'o'i da manyan asibitoci, a yi rumfuna a rufa su da fanel, mota ta samu inuwa ta samu wuta, mai ita ya biya kamar yadda dama yake biyan kuɗin fakin. Da wannan ɗan lungu da ɗan GRA sun zama ɗaya, don duk a kasuwa ɗaya suke yini. Kuma ba sabon abu ba ne a garin nan, tun 2018 aka fara ba shagunan kasuwar Sabon Gari wutar sola, Jami'ar Bayero ta samu tashar megawat 7.1 a 2019, a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya buɗe ta megawat 10 a Kumbotso. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, lokacin yana shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa ya buɗe wajen cajin mota mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Su ma filayen da motocinmu suke kwana, tunda dama akwai maigadi kuma ana biya, wanda yake kusa da layi mai ƙarfi a sa masa mitarsa daban da soket-soket, ba sai an taɓa taransifomar gidaje ba.

Duk wannan fa maganar masu mota ce, kuma mu nawa ne? Abin da yake ɗaukar Kano a yau adaidaita sahu ne. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da shi wajen 2005 don mata su huta da hawa acaɓa, da aka hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero sai ya gaje titi gaba ɗaya, yanzu dubbai ne ba iyaka. Ɗan sahu yana fita tun safe ya yini yana tsayawa yana tashi, tafiyarsa ba ta wuce cikin gari, gudunsa kaɗan ne, kafin ya cire na cefane sai ya cire balas ɗin mai keke ya cire kuɗin mai, abin da ya rage wani lokacin ko kwanon shinkafa ba zai saya ba, shi ya sa kullum rigima da fasinja a kan naira hamsin. In akwai abin hawan da lantarki zai yi wa rana a garin nan to shi ne. Batirinsa ƙarami ne, bai fi kashi ɗaya cikin biyar ko shida na na mota ba, kuma ba dole sai ya tsaya jiran caji ba, akwai tsarin musaya, ka zo da wanda ya ƙare a zare a sa maka cikakke cikin 'yan mintuna ka biya ka wuce. Mu Kanawa ba sai an yi mana dogon bayani ba, sana'ar masu cajin waya ce aka girmama, yaron da yake karɓar wayoyi ɗari a kes ɗinsa ya rubuta lamba ya ba ka kati ya riga ya san aikin. Shagon musayar batir ba ya bukatar fili kamar gidan mai, shago ɗaya da rufin sola ko layi mai kyau ya isa, zai zauna a Ƙofar Wambai ya zauna a Kurna ya zauna a Ɗorayi, har unguwannin awon igiyar da na ambata. A Indiya fiye da rabin kekuna masu ƙafa uku da ake sayarwa sababbi yanzu na lantarki ne, a Ruwanda da Kenya kamfanoni irin su Ampersand da Spiro da musayar batir suke tafiyar da 'yan acaɓa. Nan kusa da mu a Maiduguri Mustapha Gajibo ya daɗe yana cire injin ƙananan bas yana mayar da su na lantarki. Mun fara ganin keken lantarki jefi-jefi a titunan Kano ma, shiru kamar ba ya tafiya, sai dai har yanzu ɗigo ne.

Amma ina da tsoro guda uku ko huɗu, gara in faɗa tun yanzu. Kada kowane kamfani ya zo da nasa irin batirin da ba ya shiga keken wani, ɗan sahu ya zama bawan kamfani ɗaya, ranar da suka ƙara kuɗi ko suka tattara suka tafi ya koma da gangar jikin keke. Hukuma ta tsayar da ma'auni ɗaya tun abin bai yi nisa ba. Sai zafi, watan Afrilu da Mayu muna haura digiri 40, zafi kuma yana tsufar da batir da wuri, akwai nau'in da ake kira LFP da ya fi jure zafi kuma bai cika kamawa da wuta ba, shi ya kamata a dage a kai. Maganar wutar nan ba wasa ba ce, batirin litiyom in ya kama ba ya jin guga biyu na ruwa, ka kashe ya sake tashi, yanzu ka ɗauka wani ya shigo da jabun batir ɗakinsa a lungun da motar kashe gobara ba ta shiga ya jona ya kwanta. Garin da ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 bai kamata a sake gaya masa ba. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son a yi cajin a shago mai lasisi da ido a kai maimakon ƙarƙashin gado.

Sai 'yan Kwatano. Mu ba sabuwar mota muke saya ba, kowa ya sani, kuma Turawa suna canzawa tsofaffinsu nan za su nufo. Tsohuwar motar mai bakanike zai tada ta ya saurari inji ya leƙa salansa ya gaya maka gaskiyarta, ta lantarki kuwa jiki na sheƙi kujeru sababbi amma batirin ya rage rabi, ba ka gani da ido sai an jona na'ura, kuma canza shi zai iya kai kusan kuɗin motar. Makanikanmu da masu wayarin da 'yan Ƙofar Ruwa masu kayan gyara mutane ne masu basira, duk abin da ya shigo sai sun gano kansa, amma wannan wuta ce mai ƙarfin bolt 400, ba a koyonta da lalube. A ɗebi yaranmu na kwalejojin fasaha da na gareji a koya musu tun yanzu, don in an rage masu canza bakin mai da gyaran kafireto dole a sama musu madadi.

Tafiya mai nisa kuwa a bar wa mai da gas tukuna. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, Abuja ta haura 400, ba wanda zai so batir ya ƙare masa tsakanin Zariya da Kaduna da magariba. Wanda yake da mota ɗaya tak kuma yana zuwa ƙauye duk Juma'a ban ba shi shawarar ya yi gaggawa ba.

A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta cire wa motocin lantarki harajin VAT, madalla, amma wannan rangwame ne ga wanda dama yake da miliyoyin saye da get ɗin shigar da ita. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi dama su tsara harkar wutarsu da kansu, ga Tiga ga Challawa ga rana. Roƙona ga gwamnatin jiha da 'yan majalisarmu, in an tashi kashe kuɗin jama'a a wannan harka kada a fara da sayo wa manya jibga-jibgan motoci a yi bikin yanka ƙyalle a ɗau hoto. A zauna da ƙungiyoyin 'yan sahu da shugabannin kasuwanni da masu unguwanni, a fitar da filayen rumfunan caji da shagunan musaya, a sama wa matuƙa bashin da za su riƙa biya kullum kamar yadda suke biyan balas har keken ya zama nasu, sannan hukumar tsara birni ta daina amincewa da sabuwar plaza ko rukunin gidaje da ba a ware wajen caji ba. Attajiranmu na Kwari da Singa da suke gina gidajen mai a kowace kwana su ma su duba, ko rumfa ɗaya mutum ya gwada a gefen wanda yake da shi ya ga abin da za ta kawo.

Na gode da wannan fili Malam Edita, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka, a gaida ma'aikata.

Naku,
wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, mazaunin cikin birnin Kano.